Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministar Shige da Fice ta Kanada: na cikin gida da na bakin ƙofa

Zuwa ga Mai Girma Lena Metlege Diab,
Ministar Shige da Fice, 'Yan Gudun Hijira da Zama Ɗan Ƙasa,
Otawa.

Ranki ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya kuma sanyi? Mu nan Winnipeg ba a ma tambayar sanyi a wannan lokaci, sai dai a ce Allah ya fitar da mu lafiya.

Bayan haka, na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa da Hausa. Ke da kika yi ƙuruciya a Labanan kafin yaƙi ya dawo da ku Halifax, kin san akwai maganar da ba ta fita daidai sai da harshen da aka yi wa mutum faɗa da shi yana yaro. Ma'aikatarki ba ta rasa tafinta ba. Sannan rabin waɗanda nake so su ji wannan magana, ta wa ya kamata a fara ba zaman dindindin tsakanin baƙin da ke cikin Kanada da masu nema daga waje, ba a Otawa suke ba, suna Kano da Kaduna da Maraɗi da Garwa, wasu da takardar fili a hannu suna neman mai saye don a turo yaro karatu.

Ni ta ƙofar waje na shigo, gara in faɗa tun yanzu. A 2018 na taso daga Kano ta tsarin Express Entry, inda ake tara masu neman zaman dindindin a rumbu ɗaya, a ba kowa maki, a riƙa gayyatar masu makin sama. Na shigo a rukunin ƙwararrun ma'aikata da ke ƙasashen waje. Makina 440 da 'yan kai, kuma a wancan zamani ya isa. Ban taɓa taka ƙasar nan ba, ban taɓa biyan ta ko sisi na haraji ba, ban san mene ne dusar ƙanƙara ba sai a talabijin. Amma ranar da na sauka jami'i ya buga mini hatimi, na fita daga filin jirgi a matsayin mai zaman dindindin, ni da matata da 'yarmu. In na zagi wannan ƙofa na zama butulu, kuma ba zaginta na zo yi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne tushen wannan wasiƙa. Shekara goma na yi ina aikin akanta a banki a gida, kuma a kan waɗannan shekaru ma'aikatarki ta ba ni maki. Wata bakwai na yi ina yawo da takarduna a Winnipeg. Ba na mance wata ganawa da na yi a wani ƙaramin ofis. Matar ta karanta takarduna har ƙarshe, ta yaba, ta ba ni kofi, sannan ta tambaye ni cikin ladabi ko na taɓa aiki a Kanada. Na ce ai shi nake nema. Ta yi murmushi, ni ma na yi, muka rabu a kan za a kira ni. Daga nan na zama maigadin dare a wani bene, ina zaune gaban allon kyamarori daga goma na dare zuwa shida na safe, littafin dokokin haraji a cinyata. Gwamnati ta saye ni da tsada saboda gogewar Kano, kasuwa kuma ta ce ba ta san zancen ba. Sai da na shekara biyu kafin na koma kan teburin lissafi. Wannan ciwo sananne ne, shi ya sa lardin Ontario ya kai ga yin doka da ta hana manyan masu ɗaukar aiki rubuta sharaɗin gogewar Kanada a tallan guraben aiki, daga farkon 2026.

To, yanzu ga wanda yake da wannan gogewar da aka hana ni aiki saboda rashinta.

Akwai wani yaro ɗan Gusau da muke haɗuwa a masallacin Juma'a. Na ce yaro ne don na girme shi, amma shekararsa 29. Ya gama digiri a gida, ko bautar ƙasa bai tsaya yi ba ya taho a 2021, ya yi difloma ta shekara biyu a wata kwaleji a Ontario da kuɗin gonar da mahaifinsa ya sayar. Da ya gama aka ba shi takardar izinin aiki ta shekara uku, wadda ake ba ɗalibi sau ɗaya tak a rayuwa. Ya yi watanni yana jidar kaya a sito, aikin da ba ya shiga lissafin maki, kafin ya samu gurbin riƙe littafin kuɗi a wani kamfanin tireloli a wani ƙaramin gari kudu da nan. Yanzu ya cika shekara biyu a wurin. Shi ke fitar da albashin direbobi. Maigidansa, wani dattijo Bature wanda kakanninsa ma baƙi ne, ya ba shi mabuɗin ofis.

Makonni kaɗan da suka wuce, bayan an idar da salla, ya ce yana son magana da ni. Muka shiga motata na kunna hita, ya fito da waya muka yi lissafi. (Ni ba lauyan shige da fice ba ne, ba na karɓar kuɗin kowa, akanta ne kawai da ba ya iya ganin lambobi ya kau da kai.) Shekaru, maki 110. Karatu, digiri da difloma, 128. Turanci, 124. Aikin shekara biyu a Kanada, 53. Haɗin karatu da harshe, 50. Karatun da ya yi a nan, 15. Jimla 480. A duk 2025 kuwa ba a yi gayyata ɗaya ga masu gogewar Kanada da aka ja layi ƙasa da 500 ba. Mafi yawa ma tsakanin 515 da 547 aka yi ta yawo.

Ya ce, "Yaya, in na ƙara shekara ɗaya fa?" Na ce shekara ta uku maki 11 take ƙarawa. Amma a watan Mayu zai cika 30, a cire masa 5. Baɗi a cire 6. Kuma ma ba shi da shekarar, don takardarsa a Yuni za ta ƙare.

Sai ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da abokansa suka gaya masa, wanda na yi zaton zancen shaci-faɗi ne har sai da na duba jadawalin ma'aikatarki da idona. In ya ajiye wannan aiki, ya koma Najeriya ya yi shekara ɗaya yana irin aikin nan a Gusau ko Abuja, zai samu maki 50: 25 saboda haɗin aikin waje da Turancinsa, 25 saboda haɗinsa da aikin da ya yi a nan. Shekara ɗaya a Manitoba, 11. Shekara ɗaya a ko'ina cikin duniya ban da Kanada, 50. Ranki ya daɗe, na san ba da wannan niyya aka tsara jadawalin ba. An so a saka wa mai gogewa iri biyu ne. Amma ga abin da yake gaya wa yaron da ya zo tun yana ɗanye: hanya mafi sauri ta zama ɗan Kanada ita ce ka bar Kanada. Dattijon nan kuma ya nemi wani ya koya masa aiki daga farko.

Wannan shi ne abin da ya hana ni barci. Ƙasa ɗaya, baki biyu. Mai ɗaukar aiki ya ce wa na waje ba ka da gogewar nan, gwamnati ta ce wa na ciki gogewar nan ba ta isa ba. Ni an shigo da ni aka bar ni ina gadi, shi yana kan aikin ana shirin fitar da shi. Da Bahaushe ya ga haka sai ya ce an saki reshe an kama ganye.

Ba yau aka fara juya wannan layi ba, kuma duk juyin da aka yi akwai wanda ya taka. A 2021, lokacin korona, iyakoki a rufe, gwamnati na neman cika adadin mutum 401,000 da ta ɗaukar wa kanta, sai ta juyo gaba ɗaya kan na cikin gida. Ranar 13 ga Fabrairu aka gayyaci mutum 27,332 a zama ɗaya, aka ja layi a maki 75. Saba'in da biyar! Duk wanda ke cikin rumbun da gogewar shekara ɗaya ya wuce. A watan Mayu aka buɗe wata hanya ta mutum 90,000: 20,000 ma'aikatan lafiya, 30,000 sauran ma'aikatan da ba a iya yi sai da su, 40,000 ɗaliban da suka gama. Gurbin ɗaliban kwana ɗaya da 'yan sa'o'i ya yi ya cika. Wannan labari ya isa gida kafin a ce kwabo. A shekarar ce mahaifin yaron nan ya sayar da gona, kuma ba shi kaɗai ba. Dillalai suka yi ta nuna wa iyaye lambar 75 a waya kamar takardar shaida.

Wanda ya biya kuɗin wannan alheri kuwa yana waje. Ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, injiniya ne a Kaduna. Ya shiga rumbun a ƙarshen 2020 da makin da yake ganin sauran ƙiris. Daga Disamba 2020 aka daina gayyatar ƙwararrun waje, ba a dawo ba sai 6 ga Yuli 2022, kuma da aka dawo a maki 557 aka fara. Cikin shekara ɗaya da rabin nan sakamakon jarrabawarsa ta Turanci, IELTS, mai wa'adin shekara biyu, ya kusa mutuwa, ya tsallake ranar haihuwa biyu, makinsa ya zube. Ba wanda ya ce masa an rufe, ba wanda ya ce masa ga ranar buɗewa. Duk ranar Laraba, ranar da aka saba yin gayyata, yana duba waya. Daga baya ya haƙura, har yau yana Kaduna, kuma ba ma tayar da zancen in muna waya. Saboda shi ba zan taɓa cewa a toshe ƙofar waje ba. Na ga abin da toshewa ba sanarwa take yi wa mutum.

Sai kuma aka sake juyawa. A Janairu 2024 ɗaya daga cikin magabatanki, Marc Miller, ya sa ƙa'ida kan yawan takardun karatu, bayan an ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635. An daina ƙarin wata 18 da ake yi wa takardun aiki masu ƙarewa. A Oktoba aka rage adadin masu zaman dindindin daga 500,000 da aka tsara zuwa 395,000 na 2025, aka raba kason da larduna ke zaɓa da kansu gida biyu, daga 110,000 zuwa 55,000. A Maris 2025 aka cire makin da ake bayarwa don samun tayin aiki, 50 ko 200. Wannan na ƙarshe ban ga laifinsa ba, domin kowa a cikinmu ya san an mayar da takardar tayin aiki hajar kasuwa, har da mutanenmu a cikin masu saye da masu dillanci. Sai dai an yi jifan gafiyar Ɓaidu, ya sami mai laifi ya sami marar laifi.

Zan yi wa ma'aikatarki adalci. A wannan shiri na Oktoba 2024 an ce sama da kashi 40 cikin 100 na waɗanda za a ba zaman dindindin a 2025 za su fito ne daga waɗanda suke cikin ƙasa. A shirin da kika gabatar a Nuwamba 2025 an tsayar da adadi a 380,000 duk shekara har 2028, an kuma yi alkawarin gaggauta ba ma'aikata har 33,000 masu takardar wucin gadi zaman dindindin cikin 2026 da 2027. Na gani, na yaba. Amma a 2025 masu zaman wucin gadi sun kai kusan miliyan 3, kuma gwamnati ta ce za ta mayar da su ƙasa da kashi 5 cikin 100 na jama'a kafin ƙarshen 2027. Duk mai lissafi ya san ma'anar haka: mafi yawan ragin ta hanyar tafiya zai zo, ba ta hanyar zama ba. A irin wannan hali kowane gurbi da aka ba wanda bai zo ba tukuna, ƙarin mutum ɗaya ne a layin neman haya da layin asibiti. Wanda aka ba na ciki kuwa bai ƙara wa ƙasa ko gado ɗaya ba, don dama yana da ɗakinsa, yana biyan haya, yana biyan haraji. In matsalar gidaje ce ta sa aka rage, kamar yadda aka gaya mana, ai wannan hujja na ciki take goya wa baya.

Yanzu bari in taɓa wurin da ke da ƙaiƙayi, wato Faransanci. Tun da aka fara gayyata rukuni-rukuni a tsakiyar 2023, masu Faransanci ke samun layi mafi sauƙi. Ranar 21 ga Maris 2025 an gayyaci 7,500 a maki 379. Yaron Gusau yana da 480. Tazarar ta wuce maki 100, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka gayyata suna can ƙasashensu.

Na san dalili, kuma ba dalilin banza ba ne. Ina zaune ba nisa da Saint-Boniface, unguwar masu Faransanci a Winnipeg, inda kabarin Louis Riel, jagoran kafa Manitoba, yake. Na san a 1890 majalisar Manitoba ta soke matsayin Faransanci a hukumance, aka yi shekaru da yawa ana danne shi a makarantu. Masu Faransanci a wajen lardin Kebek sun faɗo daga kashi 6.1 a 1971 zuwa wajen kashi 3.5 a 2021. Mu Hausawan da muke kallon 'ya'yanmu suna amsa mana da Turanci a cikin gidajenmu, ba mu ne za mu yi wa wani dariya don yana kare harshensa ba.

Kuma waɗanda wannan ƙofa ta shigo da su ai 'yan uwanmu ne. Kamaru ta hau sahun gaba cikin ƙasashen da ake zuwa daga cikinsu saboda ita. Maƙwabcina ɗan Damagaram ne, ta nan ya shigo, mutumin kirki, matarsa ce ke aiko mana da kilishi in wani ya zo daga gida. Ni da shi Hausa muke yi. Mukan yi dariya cewa kakanmu ɗaya, amma layin da Turawa suka ja tsakanin Katsina da Maraɗi shi ne yau ya zama maki 100 a Otawa. Har ya ce mini abin ban dariya shi ne, a shekarar da Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa ta mayar da Faransanci harshen aiki, a shekarar ce Faransanci ya fi yi wa ɗan Nijar rana a Kanada. Ba na neman a rage masa komai. Amma a wurin aikinsa Turanci yake yi daga safe zuwa yamma, kuma shi ma sai da ya sha tambayar nan da na sha, ta ko ya taɓa aiki a Kanada. In manufa ita ce a raya Faransanci a Manitoba, ba ta cika da saukar jirgi.

Ga kuma abin da ke faruwa a ƙasa. Yaron Gusau da ire-irensa duk sun koma koyon Faransanci. Yana tashi aiki ƙarfe biyar, ya ci abinci a tsaye, ya zauna gaban kwamfuta da wani malami ɗan Kwatano har sha ɗaya na dare. Ana buƙatar mataki na 7 na ma'aunin harshe na gwamnati a ji da magana da karatu da rubutu, abin da mai farawa daga sifili ba ya kaiwa cikin wata biyar sai in Allah ya yi masa wata baiwa. Gurbin zama jarrabawar ma sai da ya yi makonni yana farauta. Ga mutum ya riga ya zauna a lardin, yana da aiki, yana koyon harshen da kuke so a koya da kuɗin aljihunsa. Abin da ya rasa lokaci ne kawai. Da za a ba irinsa ƙarin shekara ɗaya a takardar aiki bisa shaidar ya yi rajistar karatun kuma ya ci matakin farko, da kin samu mai Faransancin da ba sai an koya masa yadda ake tuƙi a kan ƙanƙara ba.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba mu ita. Za a ce takardar karatu ba alkawarin zama ba ce, kuma kowane ɗalibi ya nuna zai koma in ya gama. Haka ne a takarda. Amma ranki ya daɗe, kin yi shekara takwas kina ministar shige da fice a Nova Scotia, kin san yadda larduna da kwalejoji da ita kanta gwamnatin tarayya suka tallata karatu a matsayin matakin zama. Ɗalibin waje yana biyan ninki huɗu ko biyar na abin da ɗan ƙasa ke biya, kuma da wannan kuɗi kwalejoji da yawa suka rayu shekara da shekaru. Daga ƙarshen 2022 zuwa Afrilu 2024 har cire iyakar sa'o'in aiki aka yi wa ɗalibai, saboda ana neman hannu a shaguna da gidajen tsofaffi. Ranar buƙata an ce su ma'aikata ne, ranar rabo an tuna baƙi ne. Baƙin ma'aikata da tsofaffin ɗaliban da suka yi zaman dirshan a birnin Charlottetown a Mayu 2024, da waɗanda suka kafa tanti a birnin Brampton daga ƙarshen Agustan shekarar, wannan suke faɗa, ko da mutum bai yarda da duk buƙatunsu ba.

Ban ce a ba kowa ba. Miliyan 3 ba sa shiga cikin 380,000, ko wane irin lissafi aka yi. Akwai waɗanda suka zo da sunan karatu ba su taɓa shiga aji ba, akwai masu takardun bogi, akwai waɗanda dillali ya zuga suka nemi mafaka da labarin ƙarya suka ɓata wa masu gaskiya hanya. Mun san su, wasu muna cin tuwo tare. Ba su nake roƙa wa ba. Kuma akwai ayyukan da dole a nemo daga waje don babu masu yin su a ciki. Ƙauyen da ba shi da likita ba zai jira ba, ko da yake nan ma sai a fara tambaya likitoci nawa ne ke tuƙa tasi a Toronto suna jiran lasisi.

Roƙona shi ne a jera layin yadda kowace uwa ke jera shi a gidan biki: wanda ya kwana yana hura wuta a zuba masa kafin a leƙa waje a kira masu wucewa. Mutumin da ya yi shekara biyu yana aiki na halal, takardun harajinsa suna hannun gwamnati, maigidansa yana son ya zauna, an riga an gwada shi. Ba hasashe ake yi a kansa ba kamar yadda aka yi a kaina a 2018. A gyara jadawalin yadda shekara a cikin ƙasa ba za ta gaza shekara a waje daraja ba. A daina cire masa makin shekaru alhali a nan ya tsufa, yana yi wa ƙasar nan aiki. A tsayar da agogon a ranar da ya fara aikin. Takardar izinin aiki ta cike giɓi da ake ba wanda ya riga ya shigar da takardun zaman dindindin, a faɗaɗa ta ta kai ga wanda ke cikin rumbun yana aiki kuma makinsa na kusa da layi. An yi makamancin haka a nan Manitoba a 2024, lokacin da Otawa ta yarda a tsawaita takardun ma'aikata kusan 6,700 da lardin ke shirin zaɓa. Sama ba ta faɗo ba.

Abin da ya fi duka, wanda kuma ba ya cin ko kwabo: a faɗi gaskiya da wuri. A farkon shekara a buga cewa ga gurbi nawa na ciki, ga nawa na waje, ga watannin da za a yi gayyata. Wanda zai samu ya sani, wanda ba zai samu ba ya sani, ya tattara ya nemi wata hanya tun da sauran ƙarfinsa. Yanzu mutane na kwana da waya a hannu suna jiran sanarwar da ba ta da rana. Da ƙanina ya san shekara ɗaya da rabi za a yi, da ya karɓi wani aiki da aka yi masa tayi a Legas. Da mahaifin yaron nan ya san 75 ba za ta sake dawowa ba, ƙila da gonar tana nan.

Ku kuma iyayenmu da ke karanta wannan a gida, don Allah kafin a kira mai sayen fili a sa yaro ya buɗe shafin ma'aikatar da kansa, ya lissafa makin da zai samu bayan ya gama, ba wanda dillali ya rubuta masa a takarda ba. Tun Nuwamba 2024 ba kowace difloma ce ke ba da izinin aiki ba, sai fannin da ke cikin jerin gwamnati. Wanda ya riga ya yi shekara ɗaya ko biyu yana aiki a gida, ya adana takardun albashinsa da wasiƙar wurin aiki kamar yadda ake adana takardar gado. Wanda ke da Faransanci kuma, ko na makarantar firamare a Tawa ne, ya goge shi.

Ranki ya daɗe, yaron nan zai zauna jarrabawar Faransanci a Afrilu. A Mayu zai cika 30. A Yuni takardarsa za ta ƙare. Ya shigar da sunansa a shirin lardi ma, yana jira. Makon jiya ya tambaye ni ko akwai wuri a ɗakin ƙasa na gidana da zai ajiye akwati biyu da tayoyin hunturu na motarsa, in ta kama ya tafi ya yi shekarar nan ta maki 50. Na ce akwai. Maigidan nasa kuma ya ce zai riƙe masa kujerar wata uku, fiye da haka ba zai iya ba, don direbobi ba sa jiran albashi.

Na gode da lokacinki. Allah ya yi jagora.

Naki,
Wani akanta ɗan Kano, mazaunin Winnipeg.